Mutum da ƙuda a jiki guda: tambayoyi da amsoshi kan finafinan rikiɗewar jiki

Ina koyar da ilimin halittu, wanda a lise, wato makarantar sakandare, muke ce wa SVT, a nan Garwa ta Kamaru. Duk shekara da mun iso darasin gado, wato yadda ɗa ke ɗauko kamannin iyayensa, sai hannuwa su tashi sama, kuma rabin tambayoyin daga fim suke fitowa. Yaro ya kai memorinsa wajen masu tura finafinai an cika masa, ya kwana yana kallon mutum na komawa dodo. Iyaye ma sukan tare ni da nasu tambayoyin a ƙofar masallaci ko a majalisar shayi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nakan bayar.

1. Wane irin fim ne ake kira na rikiɗewar jiki?

Reshe ne na finafinan ban tsoro. A yawancin finafinan tsoro abin gudun daga waje yake zuwa: aljani, maye, ko wani mai wuƙa a bayan ƙofa. A wannan reshen kuwa daga cikin fatar mutum abin yake tsirowa. Farce ya cire, haƙori ya zube, fata ta yi tsiro, mai jikin yana ji yana gani, kuma ba inda zai gudu tunda shi ne gidan abin. Daraktan da aka fi jingina wa wannan salo shi ne David Cronenberg, ɗan Kanada, wanda aka haifa a 1943.

Mu ma muna da rikiɗa a labaranmu, kowa ya ji zancen mutumin da ke komawa kura da dare. Sai dai rikiɗar tatsuniya cikin ƙiftawar ido take, kuma kafin asuba mutum ya dawo kamanninsa. Ta fim a hankali take tafiya, gaɓa bayan gaɓa, kuma ba dawowa.

2. Wane fim ne yara suke ta magana a kai, mai mutum da ƙuda?

Sunansa The Fly, na 1986, amma da yake da Faransanci yake iso mana, an fi saninsa da La Mouche. Cronenberg ne ya shirya shi, Jeff Goldblum ya fito a matsayin masanin, Geena Davis kuma a matsayin 'yar jaridar da ke sonsa. Asalinsa gajeren labari ne na George Langelaan da aka buga a 1957, an kuma fara mai da shi fim a 1958. Na 1986 ya ci kyautar Oscar ta kwalliyar sauya kamanni.

Masanin ya ƙera wasu akwatunan ƙarfe da ke ɗauke abu daga ɗaya su fito da shi a ɗayan. Ya gwada da biri, na farko ya mutu mummunar mutuwa, na biyu ya fito lafiya. Wani dare, cikin maye da kishi, ba kowa a wurin, ya shiga da kansa. Ƙuda ya bi shi ciki bai sani ba. Kwamfutar ta ga halitta biyu inda take tsammanin ɗaya, sai ta gauraya gadonsu. Da farko ya ji ƙarfi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kwaɗayin sukari, har yana ganin ya zama sabon mutum. Daga baya gashi mai kauri ya fito masa a baya, farata suka fara cirewa, kunne ya faɗi. Sauran na bar wa mai kallo.

3. Ya dace yara su kalli irin waɗannan finafinai?

Ƙananan yara, a'a. An yi su ne don manya, akwai jini da ruɓewar jiki a fili, wasu kuma da tsiraici, musamman wanda zan ambata a tambaya ta 10. Na ga ɗan shekara 9 da ya daina cin abinci in ƙuda ya sauka a kai, har uwarsa ta zata jifa ne. Idan babban yaronka ya riga ya kalla, faɗa ba zai goge abin daga kansa ba. Zauna da shi, ka tambaye shi abin da ya fi tayar masa da hankali, ku bi ta tambaya ta 4 tare.

4. Malam, tsakani da Allah, mutum zai iya haɗewa da ƙuda?

Ba zai yiwu ba, kuma dalilan suna da yawa. Na farko, na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri babu ita. Na biyu, jikin babban mutum yana da ƙwayoyin jiki kimanin tiriliyan 30, kuma mafi yawan ire-irensu kowace tana riƙe da nata kwafin bayanin gado, wato DNA, wanda littattafanmu na Faransanci ke rubutawa ADN. An ɗaure wannan bayani dami-dami, ana ce wa kowane dami kuromozom. Mutum yana da 46, ƙudan gida yana da 12. Ƙwayar da aka cusa wa dami biyu marasa dangantaka ba ta iya rabuwa daidai. Tun 1965 masana suka haɗa ƙwayar jikin mutum da ta ɓera a kwanon gwaji, abin da aka gani a irin waɗannan gauraye shi ne suna yar da kuromozom ɗin mutum ɗaya bayan ɗaya. Ba su taɓa zama wata halitta ba, ƙwayoyi ne kawai a cikin ruwa.

Na uku shi ne wanda ɗalibaina suka fi saurin ganewa. DNA kamar zanen gini ne da magini ke bi. Idan an gama gida, an yi rufi, an shafe, sai wani ya zo ya canza zanen da ke cikin aljihun magini, bango ba zai tashi ya koma wani wuri ba. Tsarin hannu da ƙafa da ido a cikin mahaifa ake kafa shi, a makonnin farko. Sannan ƙuda ba shi da ƙashi a ciki, ɓawonsa ne ƙashinsa, ba shi da huhu, ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa yake shaƙar iska. Wannan tsari ba zai ɗauki jiki mai nauyin mutum ba.

Wata ɗaliba ta taɓa ƙure fim ɗin da tambaya guda. Ta ce, Malam, ai ka ce mana cikin kowa cike yake da bakteriya, me ya sa kwamfutar ba ta haɗa shi da su ba? Ta yi gaskiya. Ko ba ƙuda, mutumin bai shiga akwatin shi kaɗai ba.

5. To alfadari fa? Ai doki da jaki ne suka haɗu.

Haka ne, kuma shi ne ma yake nuna inda iyakar take. Jaki da goɗiya dangi ne na kusa ƙwarai. Doki yana da kuromozom 64, jaki 62, alfadari ya fito da 63. Yana da ƙarfi da juriya, amma kusan ko yaushe ba ya haihuwa, domin damman da ya gada daga ɓangarorin biyu ba sa jeruwa daidai lokacin yin ƙwan haihuwa. Idan 'yan gida ɗaya irin waɗannan sun tsaya a tsatso na farko, ina ga mutum da ƙwaro?

6. Hotunan ɗan akuya mai fuskar mutum da ake turawa a WhatsApp fa?

Wannan tambayar ta fi kowace ci mini rai, domin ita ce take da waɗanda ake zalunta. Akuya ko tunkiya ta haifi ɗa mai nakasa, fuska a baje, ba gashi, ido a haɗe. Kafin azahar hoton ya zaga gari, kafin la'asar an fara nuna wani makiyayi ko wani yaron gida da yatsa, ana cewa ya aikata alfasha da dabbar. Ina faɗa da babbar murya: mutum ba ya yi wa akuya ciki. Akuya tana da kuromozom 60, tunkiya 54, mutum 46, kuma maniyyin mutum ba ya iya samar da ɗan tayi da ƙwan waɗannan dabbobi. Wanda aka yi wa wannan ƙazafi a kan hujjar hoto, an cuce shi.

Abin da ke faruwa shi ne fuskar ɗan tayi ba ta gama ginuwa ba. Cuta na iya kama uwar tana da ƙaramin ciki, ko ta ci wata ciyawa mai guba, ko barbara ta yi ta maimaituwa tsakanin dangi na kusa a garke ɗaya. A shekarun 1950 makiyayan tumaki a jihar Idaho ta Amurka sun yi ta samun 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bincike ya gano wata ciyawar kan tudu ce: idan tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, sai ta hana fuska rabuwa gida biyu. Fuskar dabba da ta rasa doguwar haɓa da hanci takan yi mana kama da ta mutum, domin idonmu ya saba neman fuskar mutum a ko'ina.

Haka ma hoton ɓeran nan mai kunnen mutum a baya, na shekarun 1990. Babu gadon mutum a jikinsa. Ƙwayoyin guringuntsin saniya aka shuka a kan wani abu da aka ƙera da siffar kunne, aka dasa a ƙarƙashin fatarsa. Kuma abin da na faɗa kan akuya ya hau kan matar da ta haifi jariri mai nakasa. Tana buƙatar likita da tausayi, tsegumin unguwa kuwa ƙarin ciwo ne a kan ciwo.

7. Amma an ce da gaske ana sa gadon mutum a jikin wasu halittu?

Ana yi, sai dai ɗauko layi ɗaya ne ko 'yan layuka daga littafin gadon mutum, wato DNA ɗinsa, mai haruffa kusan biliyan 3. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin yana amfana da wannan kullum. A da daga jikin shanu da aladu ake tatso ta. Daga 1982 aka fara sayar da wadda bakteriya ke yi bayan an saka mata ƙwayar gadon mutum mai umarnin yin insulin. Bakteriyar tana nan a bakteriyarta, aiki ɗaya kawai aka ƙara mata.

Akwai wani gwaji da nake son ba ɗalibai labarinsa. A 1995, a birnin Basel na Suwizalan, Walter Gehring da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayar gadon da ke ba da umarnin fara ginin ido a jikin ɓera, suka kunna ta a jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Ido ya tsiro a inda ba wurin ido ba, amma idon ƙuda ne, ba na ɓera ba. Umarnin ya ce a yi ido, jikin ƙuda ya yi irin wanda ya iya. Saboda irin wannan kamanceceniya ake nazarin cututtukan mutane a jikin wannan ƙuda, tunda kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta ga mutum suna da takwara a jikinsa.

A watan Janairun 2022 kuma, a Jami'ar Maryland ta Amurka, aka dasa wa wani mutum mai shekara 57 zuciyar alade da aka yi wa gyara 10 a gado: an kashe ƙwayoyin gado guda 4 na alade, an ƙara guda 6 na mutum don garkuwar jiki ta rage faɗa da ita. Ya rayu wata biyu. Ɗaya daga cikin jagororin aikin, Dakta Muhammad Mohiuddin, Musulmi ne ɗan asalin Pakistan. Duba tambaya ta 13.

8. Akwai jiki ɗaya mai gado iri biyu?

Akwai, har a bayan gidanka. Mangwaro mai aure saiwarsa ta wani itace ce, reshensa na wani, ruwa ɗaya suke sha amma kowa yana riƙe da gadonsa. Makiyaya ma sun san idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, macen yawanci juya ce. Jininsu ne ya gauraya a mahaifa, har kowanne yake ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa. A 2017 masana a cibiyar Salk ta Amurka suka sanar da cewa sun saka ƙwayoyin jikin mutum a ɗan tayin alade, suka bar shi mako uku zuwa huɗu, da fatan wata rana a iya shuka gaɓoɓin dashe. Ƙwayoyin mutum da suka tsira kaɗan ne ƙwarai. Wannan zaman haya ne a gida ɗaya, ya bambanta da narkewar da aka yi bayani a tambaya ta 4.

9. Idan duk ƙarya ne, me ya sa fim ɗin yake taɓa zuciya haka?

Domin ƙudan ne kawai ƙarya, ciwon gaskiya ne. Lokacin da fim ɗin ya fito duniya na cikin firgicin ƙanjamau, mutane da yawa suka ɗauka da shi ake. Cronenberg ya ce shi tsufa da cutar ajali yake nufi, abin da ke jiran kowa.

Na yi jinyar baffana wata bakwai, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Mutum ne mai tsafta, kullum farin kaya da turare. Yatsa ya fara baƙi, sai na kusa da shi. In an yi sallama sai ya yi sauri ya ja mayafi ya rufe ƙafar, ya sa a ƙara garwashi a kaskon turare. Wata safiya ina wanke masa miki, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ɗana, wannan ƙafar tawa ce kuwa?" Shekaru bayan rasuwarsa na ga wurin da masanin nan ke tara gaɓoɓinsa da suka zube a cikin akwatin magani na banɗaki, sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje.

Akwai wani wuri da ya fi wannan. Kunnensa ya faɗi a gaban matar, yana cikin tsoro, ita kuma ta rungume shi. Duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan lokacin, da ƙyama da ƙauna suke kokawa a ƙirji. Matan da ke kwana a barandar asibiti da tabarma da buta sun fi duk wani mai sharhin fim sanin abin da ake nunawa a wurin.

10. Ina ainihin laifin masanin a cikin waɗannan finafinai?

Mutane sukan ce laifinsa neman sani, ni ban yarda ba. Ku duba yadda abin ya faru: shi kaɗai, da dare, cikin fushi, ba wanda ya duba akwatin kafin a rufe. Da akwai mutum na biyu a ɗakin, da wataƙila ya ga ƙudan. A fim ɗin Splice na 2009, na Vincenzo Natali, masana biyu masoya ne ke yi wa kamfanin magani aikin gauraya gadon dabbobi. An hana su sa na mutum, suka yi a ɓoye, matar ma nata ta saka ba tare da abokin ya sani ba. Halittar da ta fito tana ji, tana koyo, tana son a so ta, suka ɓoye ta a wata tsohuwar gona, yau 'ya gobe kayan gwaji. Gaggawa, ɓoyo, kuɗin kamfani, da mai da rai kamar kaya: waɗannan su ne ɓangaren da ba ƙirƙira ba, kamar yadda tambayoyi biyu na gaba za su nuna.

11. An taɓa samun masani na gaske da ya yi irin wannan?

An samu. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana wata hanya mai suna CRISPR, wadda ke yanke DNA a daidai inda ake so kamar almakashi, suka kuma samu kyautar Nobel a 2020. A watan Nuwamban 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar ta YouTube cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa gadonsu tun suna ƙwan da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ya ce yana so ya kare su daga ƙanjamau ne, tunda mahaifinsu na ɗauke da cutar. Alhali akwai hanyoyin da aka daɗe da sani na hana jariri kamuwa ba tare da an taɓa gadonsa ba. Kotu ta same shi da laifi a Disambar 2019, har da ƙirƙirar takardun amincewar kwamitin ɗa'a, ta ɗaure shi shekara 3.

Ba dodo aka haifa ba, yara ne. Abin da ya girgiza masana shi ne gyaran da aka yi a wannan matakin yana shiga kowace gaɓa, kuma yana iya wucewa ga jikoki, waɗanda ba wanda ya shawarce su. Akwai kuma misali na kishiyar haka. A 1974 masanan da suka fara dasa gado tsakanin halittu suka yi kira da a dakatar da wasu gwaje-gwajen da kansu, sannan suka taru a Asilomar ta jihar Kalifoniya a Fabrairun 1975 suka tsara ƙa'idoji kafin a ci gaba.

12. Wannan ai matsalar Turawa ce. Mu ina ruwanmu?

Ruwanmu ya fi nasu, domin sau da yawa jikinmu ne ɗakin gwajin. A zamanin mulkin Faransa an yi ta yi wa jama'a allurar wani magani mai suna lomidin, dole, wai rigakafin ciwon barci. A Nuwamban 1954, a yankin Yokaduma da ke gabashin Kamaru, allurar ta gurɓace, ɗaruruwan mutane suka kamu da ruɓewar tsoka, kusan 30 suka mutu. Wannan rikiɗewar jiki ce ta gaske, a kan manoman da ba a tambaye su ba.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu cikin waɗanda aka ba sabon maganin, wasu cikin waɗanda aka ba na kwatanci. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, cutar kuma ta tsallako har Kamaru da Chadi. Yaran da suka shanye a lokacin ba su san komai game da Trovan ba.

A Duwala ma, a Fabrairun 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin tenofobir da ake yi da mata 400 don ganin ko yana hana kamuwa da ƙanjamau, bayan ƙorafi kan bayanin da aka yi musu da kulawar da za a ba wadda ta kamu. Daga baya bincike a wasu ƙasashe ya nuna maganin yana ba da kariya. Ka ga magani mai kyau ma rashin yarda na iya jinkirta shi shekaru.

13. Me addini ya ce?

Fatawa ta masu ita ce, amma ga abin da ke rubuce. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Shaiɗan ya yi alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah. A Suratul Hajji, aya ta 73, an buga misali da ƙuda kansa: waɗanda ake kira baicin Allah ba za su iya halittar ƙuda ba ko da sun taru. Har yau ba ɗakin gwajin da ya ƙagi ƙuda daga babu, duk abin da ake yi taɓa abin da aka tarar ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Bayan an sanar da tunkiyar nan Dolly, wadda aka kwafo daga ƙwayar jikin wata tunkiya aka haife ta a Sikotlan a 1996, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997. Ta haramta kwafar ɗan Adam, ta kuma halatta aikin gado a kan ƙwayoyin cuta da tsirrai da dabbobi matuƙar yana kawo amfani yana kau da ɓarna cikin iyakokin shari'a. Kiyaye nasaba da mutuncin ɗan Adam su ne ma'auni. Batun gaɓar alade kuwa malamai suna tattauna shi ne a babin lalura. Ga ɗalibaina Kirista, Cocin Katolika ma ta fitar da matsaya a 2008 da ke ƙin gauraya gadon mutum da ƙwan dabba.

14. Wanda ya ci abincin da aka sauya wa gado, nasa gadon zai canza?

A'a. Duk lomar tuwo da miyar kuka da tsokar nama cike take da DNA na dawa da kuka da sa, ciki yana narkar da shi kamar sauran abinci, ba wanda ya taɓa tsiro da ƙaho. Tambayoyin da suka dace a kan irin shuka daban ne: wa ke da iri, nawa ne, manomi zai iya ajiye na baɗi? Burkina Faso ta karɓi auduga mai kashe tsutsa a 2008, ta bar ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. Najeriya kuma ta amince a 2019 da waken da aka samar a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Manomin da ke kai audugarsa kamfanin auduga na Sodecoton ya cancanci a ba shi labarin biyun duka.

15. Gyaran gado zai iya warkar da sikila?

Ya fara. Amosanin jini, wato sikila, daga canjin harafi ɗaya yake a cikin umarnin yin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani mai suna Casgevy. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su da almakashin da na ambata a tambaya ta 11 don su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, sannan a mayar da su. Gyaran yana tsayawa a jikin wanda ya yarda aka yi masa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa.

Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, fiye da sefa biliyan ɗaya ga mutum guda, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka suke. A ajina akwai yaron da duk sanyin hunturu sai ya yi mako biyu ba ya zuwa, ya dawo idanu rawaya, yana dafa bango. A gare shi wannan rashin adalcin ya fi kowane dodon fim kusa. Abin da ke hannunmu yau shi ne gwajin jini kafin a sa rana: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

16. Idan masu bincike suka zo unguwa ko ƙauye suna neman jini, me zan yi?

Kada ka kore su, kada kuma ka miƙa hannu don kunya ko don mai unguwa ya riga ya amsa. Tun Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, ƙa'ida ta farko ita ce yardar mutum da kansa bayan ya fahimta. Kamaru tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, ta kuma yi doka a 2022 kan binciken likitanci da ya shafi ɗan Adam. Kana da ikon ka nemi ganin takardar izinin kwamitin.

Ka tambaya: wannan magani ne da aka riga aka tabbatar, ko gwaji ne? Ina za a kai jinin, shekara nawa za a ajiye shi, za a karanta gadon da ke ciki? In na kamu da rashin lafiya a dalilinsa, wa zai biya, a wane asibiti? In na fasa a tsakiya, za a hana ni maganin da na saba karɓa? Amsar ta ƙarshe dole ta zama a'a. Ka ce a karanta maka takardar da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, wanda ka fi ji, a gaban wani naka da ya iya karatu. Idan yaro ne za a ɗiba, uwarsa ma ta ji bayanin da kunnenta. Kada ka dangwala yatsa a ranar, ka ce za ka kwana da maganar. In ka yarda, ka karɓi kwafinka mai ɗauke da suna da lambar wayar mai binciken, ka ajiye shi tare da takardun haihuwar yara.